Joe Gans: Zakaran damben duniya da ya fanshi sunansa a turmi na 42

A ranar 10 ga watan Agustan 1910, wani mutum mai shekara 35 ya rasu a gidan matar da ta rene shi a birnin Baltimore na ƙasar Amurka, bayan tarin fuka ya cinye jikinsa. Shekara biyu da 'yan makonni kafin wannan rana, shi ne zakaran duniya a damben zamani ajin marasa nauyi, kambun da ya riƙe tun daga 1902. Sunansa Joe Gans, baƙar fata na farko haifaffen Amurka da ya zama zakaran duniya a dambe.

Masu sharhin wasanni na zamaninsa sun yi masa laƙabi da tsohon gwani tun yana da ƙuruciyarsa, saboda natsuwarsa da sanin sirrin sana'ar. A cikin fage kaɗan ne suka iya da shi. Waɗanda suka fi cutar da shi suna wajen fage: manajan da ke juya shi, 'yan cacar da ke tsara sakamakon wasa, da masu gindaya sharuɗɗan awon nauyi da rabon kuɗi. Tarihinsa labari ne na mutumin da aka ɓata wa suna da hannunsa a ciki, ya kuma dawo da sunan da ƙarfin damtsensa, amma lafiyarsa ta tafi a hanya.

Tasowarsa a Baltimore

An haifi Joe Gans a ranar 25 ga watan Nuwamban 1874 a Baltimore, babban birnin kasuwanci na jihar Maryland, shekara tara kacal bayan haramta bauta a Amurka. Wata mata mai suna Maria Gant ce ta ɗauke shi tun yana ƙarami ta rene shi kamar ɗan cikinta, kuma sunan gidanta ya tashi da shi. 'Yan jarida ne suka riƙa kuskuren rubuta Gant suna mayar da shi Gans, har sunan ya bi shi.

Baltimore gari ne na bakin ruwa, don haka yaron ya fara neman abincinsa a kasuwar kifi. Hanyar da ta kai shi dambe kuwa ba mai daɗin ji ba ce. A wancan lokaci gidajen wasa kan tara samari baƙaƙen fata da yawa a fage ɗaya, su yi ta naushin juna domin nishaɗin 'yan kallo farar fata, wanda ya rage a tsaye shi ke karɓar ɗan abin da aka sa. A irin wannan wasan wulaƙanci ne wani mai shirya dambe kuma ɗan caca, Al Herford, ya lura da yaron da bai cika kai naushi a banza ba. Ya ɗauke shi ya zama manajansa, kuma a farkon shekarun 1890 Gans ya shiga damben kuɗi.

Ya kamata a tuna da irin Amurkar da ya taso a ciki. A 1896 Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta raba baƙi da farare a jiragen ƙasa da sauran wuraren jama'a. Dambe yana cikin 'yan wuraren da baƙar fata zai iya tsayawa gaba da gaba da farar fata, amma ko a can ɗin akwai ƙa'idojin da ba a rubuta ba. Baƙin ɗan dambe kan karɓi kaso mafi ƙanƙanta ko da shi ne gwani. Sau da yawa akan buƙaci ya ja wasa ya yi tsawo domin masu caca su ci riba, wani lokaci ma a nemi ya faɗi da gangan. Wanda ya ƙi, sai ya rasa abokin karawa.

Salon dambensa

A ƙarshen ƙarni na 19 yawancin 'yan dambe sun dogara ne ga ƙarfi da juriya, a tsaya a yi ta musayar naushi har ɗaya ya gaji. Gans ya ɗauki dambe a matsayin ilmi. Yakan tsaya kusa da abokin karawarsa, ya kare naushi da gwiwar hannu ko tafin safarsa, ya kauce da ɗan motsin kai kaɗan, sannan ya mayar da martani ta hanya mafi kusa. Naushinsa gajere ne kuma miƙaƙƙe, yana auna haɓa da gefen muƙamuƙi. Ba ya yawan tsalle-tsalle, taku ɗaya ko biyu ya ishe shi ya canja wuri.

Wannan tattalin ƙarfi shi ya ba shi damar yin wasanni kusan ɗari biyu a cikin ƙasa da shekara ashirin, kimanin ɗari daga ciki kuma ya gama su da bugun kwaf ɗaya. A zamanin, wasan neman kambu yakan kai turmi 20 ko 25, wani ma ba shi da iyaka sai wani ya kasa tashi. Kowane turmi minti uku ne, da hutun minti ɗaya a tsakani. Iyakar nauyin ajin marasa nauyi kuwa fam 133 ne, wato kilo 60 da ɗan ɗori, saɓanin fam 135 da ake amfani da shi a yau. Wannan bambanci na fam biyu ya zama babban abu a rayuwar Gans.

Tabon Chicago

Damarsa ta farko ta neman kambun duniya ta zo a watan Maris na 1900 a birnin New York, inda ya kara da zakaran lokacin, Frank Erne. A turmi na 12 ya samu mummunan rauni a fatar idonsa, ya nemi a tsayar da wasan domin gudun makanta. Jaridu da dama suka zarge shi da ragwantaka.

Abin da ya fi wannan muni ya faru a ranar 13 ga watan Disamban shekarar, a birnin Chicago. An haɗa shi da Terry McGovern, zakaran ajin da ke ƙasa da nasa, wanda jama'a ke ji da shi. Gans ya yi ta faɗuwa tun daga turmin farko, aka kuma gama da shi a turmi na biyu. 'Yan kallo ba su yarda ba, domin kowa ya san mutumin da ya ƙware wajen kare kansa ba zai zube haka ba. An ɗauki wasan a fim, kuma abin da hoton ya nuna bai wanke shi ba. Fushin da abin ya jawo ya sa hukumomin Chicago suka hana damben kuɗi, haramcin da ya ɗauki kimanin shekara 25 kafin a ɗage shi.

Shekaru bayan haka, da ya rabu da Herford, Gans ya fito fili ya amsa cewa wasan na haɗin baki ne, kuma umarni aka ba shi ya faɗi. Ya ɗora alhakin a kan manajan nasa. Ko da wane ne ya tsara, shi ne ya kwanta a fage, kuma shi tabon ya bi. Daga nan duk wasan da ya yi, akwai masu tambayar ko da gaske yake.

Kambun duniya

A ranar 12 ga watan Mayun 1902 ya sake haɗuwa da Frank Erne, wannan karon a Fort Erie da ke lardin Ontario na ƙasar Kanada, kusa da iyakar Amurka. Gans ya riga ya nazarci yadda Erne ke motsa kansa kafin ya kai hari. Ba a cika minti biyu da farawa ba ya same shi da dama a haɓa, Erne ya faɗi bai tashi ba har alƙalin wasa ya ƙirga goma. Kafin Gans, baƙar fata George Dixon ya riƙe kambun duniya a ƙananan azuzuwa, amma shi haifaffen Kanada ne. Gans ne ɗan asalin Amurka na farko daga cikin baƙaƙe da ya kai wannan matsayi, shekara shida kafin Jack Johnson ya zama zakaran ajin masu nauyi.

Zama zakara bai rage masa wahala ba. Ya ci gaba da yawo gari-gari yana dambe kusan kowane wata. A watan Disamban 1903 ya kara da Dave Holly a Philadelphia, ya hau jirgin ƙasa, washegari ya shiga fage a Boston da wani matashi mai suna Sam Langford. Langford ya yi nasara da maki bayan turmi 15, sai dai ba a sa kambu a wasan ba. Wannan matashi daga baya ya zama ɗaya daga cikin 'yan damben da aka fi tsoro a duniya. A watan Satumban 1904 Gans ya hau ajin da ke sama da nasa, ya yi kunnen doki da zakaran ajin, Joe Walcott, bayan turmi 20 a San Francisco.

Wata guda bayan haka ya koma fam 133 domin kare kambunsa a hannun Jimmy Britt, ɗan garin San Francisco. Rage nauyin ya raunana shi ƙwarai. Britt ya kai shi ƙasa, sannan ya nause shi yana durƙushe, alƙali ya kori Britt a turmi na biyar. Gans ya tsira da kambu, amma nasarar ba ta gamsar da kowa ba, aka sake maganar haɗin baki. Masu son ganin farar fata a kan karaga suka fara cewa Gans ba zai iya sauka zuwa nauyin ajin ba, don haka Britt ne zakara. A watan Satumban 1905 wani ɗan dambe haifaffen Copenhagen ta ƙasar Denmark, Oscar Nelson, wanda aka fi sani da Battling Nelson, ya doke Britt, shi ma ya fara kiran kansa zakara.

Haka Gans ya shiga shekarar 1906: ya haura shekara 30, ba kuɗi a hannunsa, ya rabu da manajansa, ana jayayya a kan kambunsa, kuma mutane da yawa na yi masa kallon maƙaryaci. Hanya ɗaya ta rage masa, ya sami Nelson a fage ya doke shi a gaban kowa.

Ranar Goldfield

Goldfield gari ne na masu haƙar zinariya a hamadar jihar Nevada, wanda ya bunƙasa cikin 'yan shekaru har ya zama mafi yawan jama'a a jihar. 'Yan kasuwar garin suna son jawo hankalin masu zuba jari, sai wani mai gidan caca, Tex Rickard, ya ɗauki nauyin haɗa Gans da Nelson. Ya jera dala dubu 30 na tsabar zinariya a inda kowa zai gani, jaridun ƙasar suka ɗauki labarin.

Manajan Nelson, Billy Nolan, ya san Gans ba shi da zaɓi, don haka ya tsawwala sharuɗɗa. Nelson zai ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin, ko ya ci ko ya faɗi, Gans kuwa, wanda shi ne zakara, ya sami kimanin dala dubu 11. Za a auna nauyi har sau uku a ranar wasan, na ƙarshe dab da shiga fage, kuma dole Gans ya hau sikeli da kayan dambensa bai wuce fam 133 ba. Ma'anar wannan a fili take. Ɗan dambe yakan matse jikinsa ya kai nauyin da ake so, sannan ya ci abinci ya sha ruwa ya farfaɗo kafin wasa. An toshe wa Gans wannan dama, zai shiga zafin hamada da yunwa da ƙishirwa. Ya amince da komai.

An yi wasan ranar 3 ga watan Satumban 1906, a fili, rana tana dukan kowa, a gaban dubban 'yan kallo. Ba a ƙayyade yawan turmi ba. Kafin a fara, uwar riƙonsa ta aiko masa da saƙon tangaraho daga Baltimore tana ƙarfafa masa guiwa ya dawo gida da nasara.

Nelson mutum ne mai taurin rai wanda naushi bai cika damunsa ba. Dabararsa ita ce ya sunkuyar da kai ya yi ta matsowa har abokin karawarsa ya gaji. Gans ya yi ta tarbarsa da naushi miƙaƙƙe, ya fasa masa fuska, ya kai shi ƙasa fiye da sau ɗaya, amma Nelson yana tashi. Ya riƙa tunkuyin Gans da ka, alƙalin wasa George Siler yana yi masa gargaɗi. Akwai lokacin da Nelson ya faɗa kan igiyar fage, Gans ya miƙa hannu ya taimaka masa ya miƙe maimakon ya nause shi. 'Yan kallon, waɗanda mafi yawansu fararen ma'aikatan haƙar ma'adinai ne, suka koma bayan Gans.

Bayan an haura turmi 30, ƙashin hannun daman Gans ya karye. Ya ɓoye abin, ya ci gaba da hagu, yana ɗingishi domin Nelson ya zaci ƙafa ce ke damunsa. A turmi na 42, bayan kusan sa'a uku a fage, Nelson ya kai masa naushi a ƙasan mara, inda doka ta hana. Gans ya faɗi, Siler ya kori Nelson ya ba Gans nasara. Nelson da manajansa sun yi ta musun hukuncin, amma jama'ar da ke wurin sun karɓe shi da sowa. Wasan yana cikin mafiya tsawo da aka taɓa yi a kan kambun duniya tun da aka fara dambe da safar hannu.

Daga wannan rana maganar Chicago ta ja baya. Mutumin da aka ce yana sayar da wasa ya yi turmi 42 a cikin rana, da hannu a karye, a kan sharuɗɗan da aka tsara domin a kayar da shi. Duk da haka, tafin Goldfield bai canja ƙasar ba. Ba a cika mako uku ba, gungun fararen fata suka far wa baƙaƙe a birnin Atlanta, suka kashe mutane da dama.

Shi kuwa Rickard, daga wannan wasa ya zama babban mai shirya dambe a Amurka. Shi ya shirya karawar Jack Johnson da Jim Jeffries a 1910, da ta Jack Dempsey da Georges Carpentier a 1921, wadda ita ce ta farko da kuɗin shiga ya haura dala miliyan ɗaya.

Otal, da faɗuwar zakara

Gans ya kare kambunsa a 1907. Ya doke Kid Herman a Tonopah ranar farko ta shekarar, a watan Satumba kuma ya sake haɗuwa da Jimmy Britt ya yi galaba a kansa ba tare da wata jayayya ba. Da kuɗin da ya samu ya buɗe otal a Baltimore, ya sa masa suna Goldfield. Wuri ne da baƙi da farare ke zama tare su saurari kiɗa, abin da ba a saba gani a garin ba. A nan wani matashin makaɗin fiyano, Eubie Blake, ya yi aiki na wasu shekaru kafin ya shahara a faɗin Amurka.

Amma jikin Gans ya fara ba da baya. Ranar 4 ga watan Yulin 1908 ya sake shiga fage da Nelson a Colma, kusa da San Francisco, a kan fam 133 ɗin nan. Ya fara da kyau, ƙarfinsa ya ƙare a tsakiya, Nelson ya gama da shi a turmi na 17 ya karɓe kambun. Suka sake karawa ranar 9 ga watan Satumba a wuri guda, Gans ya faɗi a turmi na 21. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda ya yi da ɗan Ingila Jabez White a New York a watan Maris na 1909.

Marubuta tarihin dambe da yawa suna ganin yawan matse jiki domin kai wa nauyi, musamman a Goldfield, shi ya raunana shi har tarin fuka ya samu ƙofa. Cutar ƙwayar cuta ce ke jawo ta, kuma ta yi katutu a unguwannin talakawan biranen Amurka a lokacin, amma sananne ne cewa ta fi kama jikin da yunwa da gajiya suka karya.

Tafiyar ƙarshe

A 1910 babu maganin tarin fuka, sai a shekarun 1940 aka samo shi. Abin da likitoci ke ba da shawara shi ne hutu da busasshiyar iska, don haka Gans ya tafi Arizona. Jinyar ba ta yi amfani ba. Da ya ga alamar ajali ya matso, ya nemi a mayar da shi gida ya ga uwar riƙonsa. Aka ɗauko shi a jirgin ƙasa, tafiyar kwanaki daga yammacin ƙasar zuwa gabas, jaridu suna ba da rahoton halin da yake ciki a kowane zango, mutane suna taruwa a tashoshi. Ya isa Baltimore da ransa, ya rasu bayan 'yan kwanaki a gidan Maria Gant. Makonni biyar ke nan bayan Jack Johnson ya doke Jeffries, nasarar da ta jawo tarzomar launin fata a birane da dama.

Dubban mutane, baƙi da farare, suka fito jana'izarsa. An binne shi a maƙabartar Mount Auburn, tsohuwar maƙabartar baƙaƙen fata ta Baltimore.

Abin da ya bari

Nat Fleischer, wanda ya kafa mujallar dambe ta The Ring a 1922, ya sanya Gans a matsayi na ɗaya a jerin 'yan damben ajin marasa nauyi na kowane zamani. A 1990 yana cikin rukunin farko da aka shigar a zauren karrama gwanayen dambe na duniya da ke Canastota ta jihar New York. Mai sassaƙa Mahonri Young ya ƙera mutum-mutuminsa na tagulla, wanda aka ajiye a babban zauren wasanni na Madison Square Garden.

Dokokin dambe ma sun canja a daidai wuraren da suka fi cutar da shi. A yau wasan neman kambun duniya ba ya wuce turmi 12, kuma akan auna nauyi kwana ɗaya kafin wasa domin ɗan dambe ya samu ya farfaɗo. Wani ɓangare na fim ɗin Goldfield yana nan har yanzu, kuma masu koyar da dambe suna duba shi domin ganin yadda Gans ke tsayuwa, da yadda yake kare naushi ya mayar.